Zane Talatin da Bakwai na Kawu

Zane talatin da bakwai ne a cikin kan Kawu. Ni na ƙirga su da kaina, ranar da ya zauna a zaurensa na Ƙofar Gayan yana jero min sunayensu: aska biyu, aska takwas, tambari, da waɗansu da ko maɗinkan unguwarmu ba su taɓa ji ba. Babu ko ɗaya a takarda. Shekarunsa tamanin da ɗaya, kuma duk waɗanda ya koya wa sun koma ɗinkin inji.

Kawu wan mahaifiyata ne. Sana'arsa zana wa babbar riga ado kafin a miƙa wa masu allura. Alƙalamin kara da tawada kawai, ba ya gogewa. Ni kuwa dillalin riguna ne. Da riga ɗaya a kafaɗa na fara har na kai ga shago, kuma ɗabi'a ɗaya ce ta kai ni: ban taɓa sayen kaya a rumfar farko ba. Sai na zagaya, na juya riga na duba bayan ɗinki, na koma gida na kwana a kai.

Wani ma'aikacin gwamnati da ke saye a wurina ne ya ce in buɗe bulog, wato shafi nawa a intanet, in sa hoton kowane zane da sunansa da bayaninsa daga bakin tsohon. Da na gaya wa Kawu, nan take ya jawo kwalbar tawada.

"To kawo takarda mu fara yau."

"Kawu, bari in samo wurin da za a zuba su tukuna. So nake mu yi sau ɗaya, mu yi daidai."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Alhajin zagaye. Kai ko likkafani aka aike ka saye, sai ka taya a rumfa uku."

Muka yi dariya. Bayan ƙaramar salla ne.

Na shiga binciken dandalin intanet da zan buɗe shafin, kamar yadda nake shiga kasuwa. Na farko kyauta ne, amma sunan masu shi na manne da naka, kamar ka kasa kaya a gefen shagon wani, ranar da ya ga dama ya ce ka kwashe. Na biyu naka ne kai kaɗai, sai dai shara da gyara duk a kanka suke, ni kuma ban iya ba. Na uku yana da sauƙi a waya, amma yana matse hoto har siraran layuka su ɓace. Akwai wanda ya ce in yi ta sawa kawai a shafin sada zumunta. Na ƙi, don can kayan yau ne ke binne na jiya.

Don in gwada hoton, na roƙi Kawu ya zana min uku a bayan tsohuwar kalanda. Kafin in gama shan ruwa ya gama. Ya miƙa hannu zai yage wani shafin, na ce, "Ya isa, Kawu, na gwaji ne kawai."

"Tawada ta jiƙa, ɗan nan."

"Idan na tsai da wuri za mu zauna sosai."

Ya mayar da murfin kwalbar.

Hidimar babbar salla ta zo ta ɗauke ni. Duk Juma'a idan na je gaishe shi yakan tambaya, "An sami rumfar?" Nakan ce saura biyu nake aunawa. Kuma gaskiya nake faɗa.

Cikin watan Maulidi na tsai da ɗaya. Ranar Litinin na buɗe shafin na sa ukun nan, suka fito tas, har gurbin da alƙalami ya ɗan tsaya ana gani. Na ce ranar Juma'a zan je da takardu. Ranar Laraba yana alwalar azahar ya faɗi. Aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye.

Duk da haka na je da takardun. Na nuna masa shafin a waya, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi nuni a ba shi alƙalami. Ya riƙe da hagu, ya ja layi ɗaya, layin ya karkace ya bar takardar ya hau tabarma. Ya sake gwadawa. A na uku ya ajiye alƙalamin ya juya fuskarsa bango. Na ga bakinsa na motsi, na kai kunne, amma ban gane sunan da yake son faɗa ba.

Wata biyu ya yi a haka, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Dandalin da na zaɓa bai taɓa ba ni matsala ba. Duk wanda ya san harkar ya gani sai ya ce na iya zaɓe. Zane uku ne a ciki. Sunaye goma sha ɗaya nake iya tunawa daga cikin sauran, ba tare da siffarsu ba. Talatin da huɗu sun bi Kawu, kuma na huɗun yana bakin alƙalami ranar da na ce masa ya isa.