Gaisuwar da Na Hana Baba Yi

A shekarun nan da ake bin layin sabulu da madara a Kaduna, ina saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai, ina da rumfar kayan keke a Unguwar Boro. Ba wanda ya kafa ni. Da faci na fara a gindin mangwaro, har na kai ga sarin taya da tub da birki, masu gyara suna saye a hannuna. Ina da ido, wannan ba yabon kai ba ne: mutum na doso rumfata na san ko mai saye ne ko mai ɓata lokaci. Idon nan ne ya sa na ɗauka ba sauran abin da wani zai koya mini. Na rubuto muku ne saboda abin da na jawo wa wani bawan Allah ya daɗe yana cina, kuma ban taɓa faɗarsa yadda ya faru ba.

Mutumin maƙwabcina ne, ɗan Filato, ma'aikacin masaƙa, ya haura hamsin. Baba muke ce masa. Yana da wani baƙin keke irin na da, kullum a goge. Duk ƙarshen wata, ran Asabar, sai ya ɗaure tabarma da gorar ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli a kariyar bayan keken ya nausa ƙauyukan bakin kogi, ba saye ba sayarwa. Nakan tsokane shi cewa ban taɓa ganin mai taka keke kwana biyu ba riba ba sai shi. Shi kuwa Alhajin gobe yake ce mini, yana cewa in zo in ga inda tayoyin da nake sayarwa suke zuwa su mutu. Wata rana bayan ɗaukewar ruwa na bi shi. Tun muna ɗaure kaya ya gaya mini a fili cewa ana rage ma'aikata a masaƙa, duk wanda bai shiga aiki ran Litinin ba sunansa ya hau takardar kora, shi kuma yana da baki shida a gida. Don haka ko ana ha maza ha mata, yammacin Lahadi a gida zai same mu.

Har yau ban ga ƙasa mai daɗin keke kamar wannan ba. Muka bar Kamazou, muka wuce Rido, wutar matatar mai tana ci a bayanmu tana ƙanƙancewa, ƙasa ta shimfiɗu kamar faifai. Dawa ta fi mu tsawo hagu da dama, shinkafa ta yi jawur a fadama, matan Gbagyi suna tafe da kaya a kafaɗa, masunta suna ƙyafa kifi a bakin gaɓa. Baba yana tafe a miƙe bisa sirdi, ba ya sauri ba ya tsayawa, ni mai jini a jika ni ne nake haki. Abu ɗaya ne ya dame ni. Ba ya shiga ƙauye a kan keke. Da ya hango rumbuna sai ya sauka ya tura, ya cire hula, ya je wurin dattawan da ke gindin bishiya. Ya tambayi gona, ya tambayi mai ciwon ƙafar da ya bari watan jiya, a kawo ruwa a sha, sai can a ƙarshe ya tambayi hanya. Ni kuwa ina tsaye ina duba agogo, ina ganin an kashe rabin awa a banza.

Da safiyar Lahadi, bayan ya fito daga sujada a ɗan cocin ƙauyen da muka sauka, na ji labarin wata kasuwa a hayin wani rafi da ke zuba cikin kogi. Aka ce kekuna kamar ƙasa, kuma ba mai sayar da ko bawul ɗin taya. Nan take ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Na ce wa Baba mu haye in gani da idona, mu zagayo ta wata hanya, lokaci zai ishe mu muddin ba mu sauka gaishe-gaishen nan ba. Ya ce ba a shiga ruwan mutane ba a gaishe su ba. Na ce ai shi da bakinsa ya ce ya haye rafin nan da rani, ko dai tsufa ne ya fara kawo tsoro. Ya yi dariya, ya ce ni yaron nan sai na ga bayansa, ya hau keke.

A ƙauyen ƙarshe kafin rafin, dattawa uku suna zaune a gindin ɗorawa. Muka wuce su a guje. Baba ya ɗaga hannu kawai, kansa a sunkuye don kunya. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe yana kira yana ɗaga sanda. Na ji ƙarar birkin Baba a bayana, na waiwaya na ce masa ya rabu da su, surutu suke so da goro. Ya saki birkin ya biyo ni. Abin da ba mu sani ba, masu haƙar yashi sun yi rami mai zurfi daidai mashigin, ruwa ya rufe shi, mutanen ƙauye sun mai da mashiginsu can sama. Ni na fara shiga ina tura keke, ruwa iya gwiwa, sai kawai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina. Ban iya ruwa ba, kuma na ƙi sakin keken. Baba ya faɗo da kayan jikinsa yana yi mini tsawa in saki, ya ciyo wuyan rigata ya tunkuɗa ni gaɓa. Garin haka ƙafarsa ta shige cikin wilin kekena da ya nutse, ruwa ya murɗa, ƙashi ya karye ƙasan gwiwa.

Ina kwance ina aman ruwa sai ga dattijon nan mai sanda da maza huɗu, suna haki. Ashe tun da muka wuce suke binmu da gudu. Ba wanda ya zage mu. Suka fito da Baba, suka ɗora shi a kan ƙyauren kara, suka saɓa a kafaɗa har gidan mai ɗori. Mai ɗori ya ce ƙafar nan ba za ta motsa ba sai bayan makonni. Dattijon ya ja ni gefe, da Hausarsa mai nauyi ya ce tun da ruwa ya rufe ramin suke karɓa-karɓar zama a gindin ɗorawar don baƙi, kalma ɗaya ce da ta ishe mu. Daga nan ya sa aka kawo mini doya da miya. Kekena ma sun tsamo shi, sun goge, sun jingine.

Ni kaɗai na dawo Unguwar Boro. Na ce wa matarsa tsautsayi ne, na yi shiru a kan sauran. Ran Litinin na je ƙofar masaƙa na yi roƙo, babban wurin ya ce mini da Turancin kasuwa cewa wanda bai zo ba bai zo ba. Aikin shekara goma sha tara ya tafi. Da Baba ya dawo yana dogara sanda, na je da niyyar faɗin gaskiya a gaban matarsa. Ina buɗe baki ya aike ta ɗebo ruwa. Ya ce in bar zancen, ni ban san amfanin gaisuwar ba, shi ne ya sani kuma ya bi ni, don haka kayan nasa ne. Ya ce kada in sa 'ya'yansa su daina gaishe ni. Na roƙe shi ya zauna tare da ni a rumfa, ya ce bai iya yabon taya ba. Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Filato noma, yana ɗingishi. A can ya rasu.

Na yi dukiya daga baya, na yi mu'amala da manyan mutane, amma ban sake haɗuwa da mai girman zuciyar Baba ba, ko masu kirkin mutanen ƙauyen nan da muka raina. Na fahimci cewa abin da na ɗauka ɓata lokaci ne shi ne sanin hanyar gaba ɗaya, kuma wayon kasuwa iyakarsa kasuwa. Ina jan kunnen matasa masu ji da kansu kamar yadda na ji: in kun ga babba yana yin abu a hankali, ku tambayi dalili kafin ku yi masa dariya, kada kuma ku yi amfani da kunyarsa ku ja shi inda ya ce a'a. Da a jikina abin ya ƙare, da na ce na koyi darasi na huta. Amma ni na yi gaggawar, wani ya yi ɗingishin har kabari.