Ƙaramar Bindigar da Baba Ya Zaɓa

Wata Alhamis ce bayan aikin Hajjin 1965, ina 'yar shekara tara, na ga Baba tsugune gaban bindigogi biyu, ya ɗora harsashi ɗaya a kowane tafin hannu yana auna su kamar mai sayen zinariya. Ɗaya ya kai tsawon yatsa, ɗayan bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ammu Salim, Balaraben makiyayin da ya yarda ya ara masa, ya zuba masa ido kawai.

Dila ne ya kai mu nan. Bukkarmu ta langa-langa tana can ƙarshen unguwar Zahir a Makka, ni ke kora awakinmu kullum da safe har mu wuce alamar iyakar Harami, inda ake samun ɗan tsiro. A cikin 'yan awaki ukun da aka haifa mana dilan ya ɗauke biyu, saura Fara, wadda Inna ta ce tawa ce. Ɗan banzan yakan hau wani dutse mai nisa ya zauna yana kallonmu, ko kunya babu. A cikin Harami ko tattabara ba a kora, amma dutsen nan a waje yake, harbi ya halatta.

Baba maharbi ne a Gobir kafin ya taho Hajji a ƙasa ya zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kowa. A Makka ruwa yake ɗauka a garwa yana kaiwa gidaje, in ya hango askar ya sake lungu. Ni kuwa na sha labarin harbinsa har na haddace, don haka na tsaya ina jira ya ɗauki babbar.

"Wannan za ta kai dutsen," in ji Ammu Salim.

"Za ta kai," Baba ya ce, yana duban wajen titin Madina inda askarawa ke tsayawa. "Ƙararta kuma ta sa a kama ni, a kai ni jirgin ruwa a Jidda a mayar da ni gida. Wa zan bar wa yaran?"

Ya ɗauki ƙaramar. Da rana ta yi sanyi dila ya fito. Baba ya ja ciki iya inda duwatsu za su ɓoye shi, ya daɗe yana saiti, ya ɗaga bakin bindigar sama kaɗan don ya ƙara mata zango. Ƙarar ba ta fi ta karya kara ba. Ƙura ta tashi can ƙasa da ƙafafun dila, shi kuwa ya miƙe, ya yi miƙa, ya tafi abinsa. Na fashe da kuka, kuma ba zan ɓoye ba, haushin Baba na ji, ba na dila ba.

Ya mayar da bindigar, ya yi godiya. Da muka isa gida ya yanko igiya ya ɗaure Fara a jikin ƙofa, ya ce daga yau ɓawon kankana da busasshen gurasa za ta ci. Ta rayu, ta haihu, ta tsufa a bakin ƙofar nan, ba ta ƙara taka dutse ba.

Yanzu benaye sun cinye wurin, jikokina ba su taɓa ganin dila ba, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Baba yana kwance a Makka, bai sake riƙe bindiga ba har ya rasu. Sai da na girma na gane igiyarsa ba ta fi ta Fara tsawo ba, kuma saboda mu ya zauna a cikinta.