Akwatin da Drieka Ta Ɓoye

A danginmu idan aka ce Oom Jafta, abin da kowa ke fara tunawa shi ne mutum zaune cikin a-kori-kura, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana jiran matarsa. Yayan mahaifiyata ne, shi ya sa muke ce masa Oom, wato kawu. Ya shiga kamfanin katako a dajin Tsitsikamma tun gemu bai tsiro masa ba, ya fito da furfura da yatsu tara, don zarto ya karɓi rabonsa. Magana ba ta dame shi ba. Mahaifiyata takan ce ko ranar aurensa sai da fasto ya maimaita tambaya.

Matarsa, Antie Drieka, ita ce bakin gidan. Shara da gyaran gado take yi a ɗakunan baƙi na gandun daji. A can ta ga wasu suna leƙa ƙarƙashin duwatsu da waya a hannu, ta tambaye su ko zobe suka yar. Suka nuna mata wasan. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a daji da tarkace a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi lambobin da waya su nemo. Wanda ya samu ya rubuta sunansa, in ya ɗauki abu ya ajiye wani, ya mayar da akwatin yadda ya tarar da shi. Babbar dokar kuwa, ba a faɗa wa wanda bai samu ba yadda aka yi ɓoyon.

Tun daga nan ta kamu. Duk Lahadi in an tashi daga coci shi zai kai ta bakin gandu, ta shiga da kayan cocinta, shi ya zauna a mota.

"Tsoho, sauko mana ka motsa jini," in ji ta.

"Duk rayuwata biyana ake yi in shiga dajin nan. Yanzu in shiga kyauta neman robar man shanu?"

Da ta ɓoye nata akwatin, ita ta karɓi wayarsa ta sa masa lambobin da hannunta.

"Kai ne ya kamata ka gane shi ko ido a rufe," ta ce.

"Wata rana."

"Wata rana ba ta cikin kalanda, Jafta."

Ciwon sukari ya fara cin ƙafarta, daga baya ya ci sauran. A wurin binne ta bai yi kuka ba, kujeru ya riƙa jerawa. Bayan nan bai fasa zuwa bakin gandu ranar Lahadi ba. Zai kashe mota, ya buɗe ƙofa, ya zauna har rana ta karkata. Mahaifiyata ta taɓa tambayarsa me ya hana shi shiga ya nemo akwatin, tunda ga lambobi a wayarsa. Ya ce, "Ai yana nan."

Sai guguwar nan ta zo, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Manyan itatuwan da suka girmi kakanninmu suka kwanta a kan hanyoyi, gadar shiga gandu ta karye, ƙasa ta zaftare daga kan tudu zuwa kogi.

Da ruwa ya janye, Sisi Nomvuyo ta zo gidansa. Tsohuwar nas ce, ƙawar marigayiyar, ita ke jan ragamar masu wasan a yankinmu. Bhuti take ce masa, wato yaya. Ta ƙi zama.

"Hukumar gandu na neman hannu, Bhuti. Za mu share hanyoyi, mu kwashe shara, mu duba akwatunanmu. Duk akwatin da ba a gani ba kafin mu tashi, za a soke shi daga wasan." Ta gyara jakarta. "Na Drieka yana gefen da ƙasa ta zaftare."

Ya dubi bango ya ce to.

Ranar farko aka tura shi bakin kogi da baƙaƙen ledojin shara. Ya yi ta tsinta kamar inji: kwalabe, silifas, murfin firji, igiyar kamun kifi. Ya tsinci takalmin roba mai dogon wuya, na hagu, cike da laka, da nauyi kamar dutse. Irin wanda kamfanin katako ke rabawa ne a da. Ya juya shi sau ɗaya, ya jefa a leda, ya ɗaure bakinta, aka loda a baro aka kai bakin gada.

Daga baya suka gane ya fi kowa sanin inda za a sa zarto a jikin faɗaɗɗen itace, suka mayar da shi can. In an tashi aiki kowa ya nufi wurin shayi da gasasshen burodi, shi sai ya ɗauki shebur ya bi lambobin. Wayar ta kai shi tsakiyar jar ƙasa tsirara, babu itace, babu ko ciyawa, ta ce masa ya iso. A nan ya fara haƙa.

Masu wasan nan sun yarda da lambobi fiye da idonsu, shi ya sa babu wanda ya ce masa ƙasar wurin gaba ɗaya ta gangara kogi. Wasu ma har taya shi suka yi. Wani malamin makaranta mai tumbi da ake kira Sakkie ya leƙa ramin ya ce, "Oom, in ka tarar da ruwa ka kira ni, namu na gari ya ɗauke." Aka yi dariya. Oom Jafta ya gyaɗa kai ya ci gaba da haƙa.

Sau ɗaya ya tambayi Nomvuyo.

"Yaya kamannin akwatin?"

"Bhuti, ka san doka. Kuma kai musamman Drieka ta sa muka yi mata alkawari a kanka."

"To."

Bai yi fushi ba. Bai ji komai ba, sai nauyin shebur. Tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe, bai lura ba sai da ya ga jini a jikin ƙotar.

Ranar ƙarshe aka ce an gyara gada, motar shara za ta shigo da yamma ta kwashe duk abin da aka tara. Nomvuyo ta hau tudun da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta same shi cikin rami har ƙugu. Ta miƙa masa kofin shayi, ta tsaya tana kallon hannun.

"Allah ya sa Drieka ta yafe mini," ta ce. "Ba akwati za ka nema ba. Cikin tsohon takalmi ta cusa shi, ta tura a kogon itace, don duk wanda ya gani ya zaci shara ce."

Ya kurɓi shayin.

"Na roba?"

"Na roba."

"Na hagu, da tsaga a diddige."

"Ashe ka san shi."

"Nawa ne. Na neme shi har na zargi karen maƙwabta." Ya ajiye kofin a bakin ramin. "Na jefa shi a shara tun ranar farko."

Ta ɗauki kofin. Ya fito daga ramin, ya jingine shebur, suka gangara bakin gada.

Ledojin sun yi tsibi a bakin gada, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya, ƙudaje na bin su. Sakkie ya ce wannan ai neman allura ne cikin ruwa, amma ya naɗe hannun rigarsa. Oom Jafta ya ce kada su buɗe ko ɗaya, su duba ɗaurin kawai. Kowa ƙullin kunnen zomo yake yi, shi kuwa irin ɗaurin da ake yi wa damin katako ya saba, murɗi biyu a cusa baki ciki. Suka ware nasa gefe. Yana cikin kwance su aka fara jin kukan motar shara daga hayin kogi.

Takalmin yana ƙarƙashin murfin firjin. Ya zauna a ƙasa, ya sa hannu mai yatsu huɗu ya kwashe lakar, ya zaro wata robar ajiye abinci da aka naɗe da leda. Ya gane ta, daga kicin ɗinsu ta fito. A murfin an rubuta Drieka da jan farce. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, wasu ƙananan abubuwa suka yi ƙara a ciki. Ruwa bai shiga ba.

Nomvuyo ta ciro biro daga jaka.

"Buɗe ka sa sunanka, Bhuti. Ka same shi."

Bai karɓi biron ba.

"Ban same shi ba," ya ce. "Ke kika faɗa mini."

Ya mayar da robar cikin takalmin, ya tura ta har ƙasa yadda take, ya miƙa mata.

"Tunda an gan shi, ba za a soke shi ba ko?"

"Ba za a soke shi ba. Sai dai a sake masa wuri, a sa sababbin lambobi."

"Ki sake masa. Ki sa mini lambobin a waya. Sauran kada ki faɗa mini."

Ta rungumi takalmin da lakarsa a kan farar rigarta, ta nufi hanyar da suka share. Shi kuwa ya juya mata baya, ya tsuguna yana mayar da sharar cikin ledojin da ya kwance, yana ɗaure su ɗaya bayan ɗaya kafin motar ta ƙaraso.

Sababbin lambobin suna cikin wayarsa har yau, na gan su da idona. Ranar Lahadi in an tashi daga coci yakan tuƙa zuwa bakin gandu, ya kashe mota, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje.