Ya Jira Ni Har Ƙirga Takwas

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa wane bai kyauta ba, wance ta yi wauta, yau kuma ga nawa na kawo. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da takwas, direba ne ni a Doha, ina da mata da 'ya'ya uku a gida. Mu ma'aikata shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar masana'antu ta Sanaiya, kuma a cikinsu ni ake kallo a matsayin kamili, wanda ba ya fashin jam'i, ba ya dogon surutu. Abin da ko matata ba ta sani ba shi ne, kafin in kama sitiyari ni ɗan rawar koroso ne. Shekara bakwai na yi a wata ƙungiya ina juyi da akayau a ƙafa, ina ɗaga abokin rawata sama kamar buhun auduga. Da na tashi aure mahaifina ya zaunar da ni ya ce gidanmu ba a san shi da rawa ba, in zaɓa. Na zaɓa, na rufe maganar, na koyi tuƙi.

Kamfanin kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya kawo mu ƙasar, yana ba da hayar direbobi, sai aka tura ni in riƙa tuƙa wani Bature ɗan Sifaniya da wata makarantar koyon rawa ta ɗauko na shekara guda. An ce mini shahararre ne a rawar bale, wadda mata ke tsayawa a kan tsinin yatsu, maza su ɗaga su sama. Na je gidan da aka sauke shi a unguwar Aziziya ina sa ran ganin saurayi, sai ga dattijo ya fito, ya haura sittin, siriri, kansa fari fat, yana tafiya ƙafafu a buɗe kamar agwagwa. Amma bayansa a miƙe yake sambal, ko soja bai kai shi ba. Na buɗe masa ƙofar baya, ya rufe ta da kansa ya zagayo ya zauna kusa da ni. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a ajiye a baya. Ɗalibansa suna da sunan girmamawa da suke kiransa da shi, ni kuwa Baba na sa masa, da na fassara masa ya yi dariya ya ce ya karɓa.

Baba yana da wata al'ada da ba ya fashinta. Kullum da na idar da sallar Asuba zan ɗauko shi mu tafi titin gaɓar teku da ake kira Corniche kafin zafi ya taso, ya kama ƙarfen bakin teku da hannu ɗaya, ya yi ta lanƙwasa gwiwa yana miƙewa, yana zana ƙasa da yatsan ƙafa, yana ƙirgawa daga ɗaya zuwa takwas ya sake komawa ɗaya. Masu gudun motsa jiki su wuce suna kallonsa, masu jiragen katako su yi ta murmushi, shi ko a jikinsa. A hanyar dawowa muna shan shayin karak yake ba ni labarinsa da Turancinmu mai gutsure-gutsure. Ɗan masunci ne daga wani ƙaramin gari a kudancin ƙasarsu. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar gida ya tafi babban birni koyon rawa, uban ya daina yi masa magana. Ya yi shekara talatin yana rawa a manyan biranen duniya, sarakuna sun tashi tsaye sun tafa masa, an yi masa aiki a gwiwa sau uku. Abin da ya fi alfahari da shi ba tafin ba ne. Ya ce a duk shekarun nan bai taɓa yar da macen da ta yi tsalle ta faɗo hannunsa ba, ko sau ɗaya.

Ni ban taɓa faɗa masa komai game da kaina ba, ƙafata ce ta tona ni. Wata safiya ina jingine da mota ina kallonsa, ashe diddigena yana bin ƙirgarsa ban sani ba. Ya dawo yana goge gumi ya ce direbobi da yawa sun tuƙa shi a duniya, amma bai taɓa ganin wanda ƙafarsa ke faɗuwa daidai kan ƙirga ba, don haka in daina yi masa ƙarya. Na yi ta musu har muka kai makaranta. Da muka shiga babu kowa a zauren sai madubai, ya zauna a ƙasa ya ce ba zai tashi ba sai ya gani. Na cire takalmi ina jin kunya kamar an kama ni da sata. Shekara goma sha biyar rabona da rawa, amma wallahi da na buga ƙafa sau biyu jikina ya tuna komai. Da na tsaya ina haki na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni ma na juya baya don kada ya ga nawa.

Daga ranar muka zama wani abu da ban san sunansa ba. Shi ya koya mini yadda ake sauka daga tsalle ba a ji ƙara ba, ni na koya masa yadda muke karya kafaɗa, yana yi ina dariya har da riƙe ciki. Da shekararsa ta kusa ƙarewa makarantar ta shirya bikin ɗalibai, aka roƙe shi ya rufe taron da rawa. Ya ce mini wannan ce rawarsa ta ƙarshe, domin da ya koma gida za a sake yi masa aiki, kuma likita ya gaya masa gaskiya. Sai ya roƙe ni abu guda. Ya ce duk rayuwarsa shi ke ɗaga mutane, ba a taɓa ɗaga shi ba. Yana so a ƙarshen rawar ya juya baya, ya buɗe hannuwa, ya saki jikinsa, ni kuma in fito da akayau a ƙafa in tare shi in ɗaga shi sama yadda muke yi a koroso, in riƙe shi har ƙirga takwas. Na amsa da zuciya ɗaya, Allah shi ne shaida. Mako shida muna gwaji kullum kafin ɗalibai su iso. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma idan yana sama yakan rufe ido kamar yaron da aka goya.

Akayau ne ya jawo mini. Na kira tsohon abokin rawata a gida ya nemo mini, ya haɗa da kilishi da yaji da kuka ya ba wani maƙwabcinmu da ke dawowa daga hutu. Mutumin nan mai gadi ne, ɗakinmu ɗaya, gadonsa yana ƙarƙashin nawa, kuma matarsa da tawa Islamiyya ɗaya suke zuwa. Ya miƙo mini saƙo ranar Juma'a kowa yana zaune ana tuƙa tuwo, ya girgiza ƙunshin ya ce shi dai bai taɓa jin kilishi mai ƙara ba. Aka yi ta shewa, ni ma na taya su da dariyar yaƙe. Bayan an watse ya ja ni waje ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce in tuna a ƙasar nan ko atishawa ka yi sai an ɗauke ka a waya, kafin in kwance akayau daga ƙafata hoton ya isa unguwarmu. Ya ce in yi tunanin mahaifina a ƙofar masallaci, da 'ya'yana a makaranta, a ce ga ubansu can a Qatar yana rungumar Bature a gaban jama'a. Ya ce shi shawara kawai ya bayar, shi ke nan.

Saura kwana huɗu a yi biki. A nan ne na yi kuskuren da ya sa na rubuto. Tsoron da na ji ban ɗauke shi laifi ba, kowa yana da abin da yake tsoro. Laifina shi ne na yanke shawara a ranar cewa ba zan yi ba, amma ban faɗa wa Baba ba. Mu an tashe mu a kan cewa ba a duban idon babba a ce masa a'a. Ana cewa to, sannan a ɓace, shi kuma babban ya gane da kansa, ba a kunyata kowa ba. Haka na yi wa kawunnaina, haka ƙannena suke yi mini. Na manta cewa Baba bai tashi a gidanmu ba. Kwana huɗu yana tambayata ko na shirya, kwana huɗu ina ce masa na shirya. Har gwajin ƙarshe na yi da shi, na ɗaga shi, na sauke shi, ya dafa kafaɗata ya ce bai taɓa samun hannun da ya amince da shi kamar nawa ba.

Ranar bikin na kai shi bayan Azahar, na ɗaukar masa jaka har ɗakin shiri, na ce zan je in yi La'asar in dawo. Na yi sallar, na koma mota na kashe waya na zauna. Na so in tada mota in tafi, na kasa. Da na ji an sa kiɗan da muka yi mako shida muna ji, sai ƙafata ta kai ni ƙofar baya ta zauren, na tsaya a duhu kusa da masu gadi. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar rawar da tsohon nan ya yi ba. Gwiwar da ke hana shi hawa bene ta yi masa biyayya a ranar. Sai aka zo wurin. Ya juya baya ga inda ya kamata in fito, ya buɗe hannuwa, ya ɗan karkata. Bai waiwaya ba. Ina ganin leɓensa yana motsi, ni ma ina ƙirgawa tare da shi daga inda nake, ɗaya har zuwa takwas, akayau yana cikin aljihuna na danne shi da hannu don kada ya yi ƙara. Da takwas ta cika ya sauke hannuwansa a hankali, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya sunkuyar da kai. Jama'a suka miƙe suna tafi, sun ɗauka haka aka tsara. Mu biyu kaɗai muka san abin da ya faru a zauren nan.

Da aka tashi ya zo mota da kansa yana ɗingishi. Ya buɗe ƙofar baya ya zauna. Bai tambaye ni komai ba, na tada mota, haka muka yi kwana biyar ina tuƙa shi yana baya. Sai a filin jirgi, bayan na sauke akwatunansa, ya yi magana. Ya ce da na gaya masa da ya fahimta, domin shi ma ɗan wani ne, kuma mahaifinsa har ya mutu bai taɓa zuwa kallonsa ba. Da ya canja ƙarshen rawar cikin minti goma. Ya ce a sana'arsu wanda zai saki jiki ba ya waiwaye, saboda an riga an ce masa to, kuma a kan wannan kalma yake ɗora ƙashin bayansa. Sannan ya tambaye ni ko akayau ɗin suna nan. Na ciro su daga aljihun mota, ya ɗauki na ƙafa ɗaya ya bar mini ɗaya, ya kama hannuna ya riƙe na ɗan lokaci, ya shige.

Shekara uku ke nan. Na ji daga wata ma'aikaciyar makarantar cewa an yi aikin, yanzu da sanda yake tafiya. Na rubuta masa saƙo ya fi sau ashirin ina gogewa, ranar da na daure na tura sai na tarar lambar ta daina aiki. Da na je hutu bara na kasa riƙe abin, na ɗaura akayau ɗaya a tsakar gida na yi wa iyalina rawa. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, babbar 'yata ta tambaye ni dalilin da ya sa na ɓoye musu wannan duk shekarun nan. Mahaifina yana zaure yana jin ƙarar, da na fito abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko na ci abinci. Abin da na ji tsoro ke nan har na bar dattijo da hannu a buɗe a gaban jama'a.

Ina kewarsa, Edita, kewar da ban taɓa zaton zan yi wa wanda ba dangina ba. Yanzu motar ma'aikata nake ja, kuma duk safiyar da hanya ta bi da ni ta Corniche sai na duba ƙarfen nan ko zan ga farin kai. Abin da na koya shi ne, kunyar da muke taƙama da ita wani lokaci kanmu kawai take karewa, wanda muka ce muna girmamawa shi ke kwasar ciwon. Ina roƙon 'yan'uwana, musamman mu da ke aiki a ƙasashen mutane, idan ba za ka iya abu ba ka faɗa tun da sauran lokaci, ko da muryarka tana rawa. A'a ɗin da za ka faɗa yau zafinsa na yini ɗaya ne. Ni na ce to sau huɗu don kada in ɓata wa Baba rai, shi kuma ya yarda da ni har bai waiwaya ba. Har yau idan danja ta tsayar da ni sai in tsinci kaina ina ƙirgawa, kuma duk lokacin da na kai takwas hannuwana suna kan sitiyari.