Kano Babu Shiri, Saboda Firjin Inna

Ana fitowa daga sallar asuba muka bar Kaduna, ni da abokin aikina, hankalina duk a tashe. Sana'armu haɗa wa mutane wutar gida da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira, shi yake kunnawa yake kashewa. Ban da wutar da ake ja ba ya ganin komai, bayanin da muka rubuta masa a kan kowane makunni kawai yake karantawa ya yi hukunci. Nawa aikin shi ne duba bayanan nan, in ga ko za su shiryar da shi ko za su ɓatar da shi.

Gidanmu na Rijiyar Lemo ma mun saka masa, saboda Inna tana da ciwon suga kuma allurarta sai a firji. Bayanin ɗakinta ya ce kada a taɓa wutarsa ko da me. Na ɗakin baƙi ya ce ba kowa a ciki, in batirin sola ya yi ƙasa shi za a fara kashewa. To ƙanwata ta zo gida wankan jego, sai shekaranjiya da yamma take gaya mini a waya, tana dariya, wai Inna ta bar mata ɗakinta ta koma ɗakin baƙi da ɗan firjinta. Innalillahi! Ga damina, rana ba ta fitowa sosai, ga NEPA shiru, ga datar gidan ta ƙare balle in gyara daga nesa. Na kira Inna, ta ce lafiya lau. Inna ko rufin ɗaki ne ya faɗo mata, lafiya lau za ta ce.

A Zariya direba ya tsaya muka sayi ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Abokin tafiyata ya cinye nasa ya ci nawa, don ni hankalina yana kan firjin Inna. Daga Kwanar Dangora zuwa Kura shinkafa ta yi kore shar, amma hadari nake kallo ina jin haushinsa.

Da muka sauka Kano muka shiga adaidaita zuwa Fagge, sai cunkoson Kantin Kwari ya riƙe mu. 'Yan dako da dilolin atamfa a ka, masu kura suna ihu a ba su hanya, shi kuma mai adaidaitan ya samu abokin hira yana ba mu labarin tsadar mai. Na ce masa, "Malam, don Allah tuƙa, ba jawabi na biya ba."

Ko gaisuwa ban tsaya na gama ba na faɗa ɗakin baƙi na buɗe firjin. Sanyi ƙalau! Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Inna ta leƙo ta ce, "Ke lafiya? Ba ki ga jariri ba, firji kika zo gaisarwa?"

Na gaya mata abin da ya taso ni. Ta ce, "Au, wannan? Ai abin nan naki ya yi magana ta lasifikar falo. Wai yana ganin ana jan wuta a ɗakin baƙi, akwai mutum ne? Na ce masa ni ce, ɗan nan, sai aka yi yaya? Sai ya kashe fankar falo ya bar ni."

Abokin aikina ya kalle ni yana murmushi. Lokacin da muke rubuta bayanan shi ya ƙara layi guda a makunnin nan, cewa in abin da yake faruwa ya saɓa wa abin da aka rubuta, a tambayi mutanen gida kafin a kashe. Layin nan ne ya tsare wa Inna allurarta. Alhamdu lillahi. Sai a lokacin na ɗauki jaririn, na ci tuwo har da ƙari.

Da la'asar muka shiga Sabon Gari, wajen wani ɗan kabilar Ibo mai kayan wuta da aka haifa a Kano, Hausarsa ta fi tawa Kananci. Muka sayi soket mai basira na firjin shi kaɗai, wanda zai bi shi duk inda aka kai shi. Na rubuta masa bayani a fili: firjin maganin Inna ne, ba a kashe shi, ko a wane ɗaki yake.

Yau da rana muka dawo Kaduna lafiya, har barci na yi a mota. Abin da na koyo shi ne a gidajenmu ɗaki ba shi da mai shi na dindindin, don haka bayani ya bi mutum da kayansa, kuma a bar wa na'ura ƙofar tambaya. Da nake sallama na tambayi Inna ko bayan arba'in za ta koma ɗakinta. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Gwaggonki tana tafe jinyar ido, ɗakin baƙi zan ba ta. Ni falo zan koma."