A Tudu ko a Gangare

Ba zan rantse cewa komai ya faru yadda zan faɗe shi ba. An daɗe, kuma daminar da nake magana a kanta ta haɗe mini da wadda ta biyo bayanta. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar, wanda ban tabbatar ba kuma zan faɗa.

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo Gwandu, sai aka ɗora mini shugabancin wata ƙaramar ƙungiya mai kula da iyayen da suka rasa 'ya'ya. Ina jin don ni ne mai digiri aka ba ni, ba don na fi kowa sanin aikin ba. Aikin ma ba shi da yawa. Idan yaro ya rasu mukan kai likkafani, mazanmu su bi gawa. Bayan mutane sun watse, matanmu su riƙa leƙa uwar, don rasuwar ƙaramin yaro ba a daɗewa ana zamanta. A yi wa uwa gaisuwa, a ce mata ta yi haƙuri, mai ceto ne, washegari ta koma bakin murhu.

Wadda ta fi shiga gidaje a cikinmu wata tsohuwar ungozoma ce, kowa Inna yake ce mata. Ita ce ta same ni wata rana da hantsi, ta ce in tashi mu je wani ƙauye a ƙasar Kalgo.

“Wacce ɗanta ya rasu farkon damina, kai take nema. An ce kana cikin waɗanda sunka kai shi.”

Na ce wataƙila ina ciki.

“Kai da wataƙila! Ko sunanka anka tambaye ka, sai ka ce bari ka bincika. Ɗauko mashin.”

A zaure na zauna, matar tana daga bayan asabari, Inna a tsakaninmu. Mijin ya tafi neman kuɗi kudu tun bayan rasuwar, ba a cika samunsa a waya ba. Muka gaisa. Muryar matar ba ta rawa, kamar mai tambayar farashin gero.

“Malam, wane wuri anka sa shi?”

Mata ba sa bin gawa a wurinmu. Iyakarta ƙofar ɗaki, ta ga an naɗe shi a tabarma an fita. Na ce mata a maƙabartar garin ne. Ta ce ta san wannan. Abin da take son ji shi ne, ta wajen tudu ne ko ta gangare, inda ruwa yake kwanciya. Ta ce duk lokacin da hadari ya haɗo ba ta iya komai, ko tuwo ta ɗora sai ya ƙone.

A makon da ɗanta ya rasu yara biyu muka kai wannan maƙabarta, dukansu maza, dukansu ba su isa yaye ba. Ɗaya a tudu muka sa shi, kusa da wata aduwa. Ɗayan a gangare, kuma na tuna sarai sai da aka kwashe ruwa daga ramin da ƙwarya kafin a saka shi. Wanne ne nata, ban sani ba. Na ce ta ba ni lokaci.

Da muka fito Inna ta tare ni kafin in tayar da mashin.

“Mi ya hana ka ce mata tudu? Zuwa za ta yi ta duba? Ɗana, wani lokaci magana magani ce.”

Na ce idan wani ya zo daga baya ya faɗa mata akasin haka fa? Daga ranar ba za ta ƙara yarda da mu ba, ita da duk matan garin. Inna ta ce ni dai tsoron kuskure zai kashe ni da sauran kwanana. Mai yiwuwa tana da gaskiya.

Na koma maƙabartar ni kaɗai. Kabarin yaro ba shi da tsawo, ruwa biyu ko uku sun isa su shafe shi. Fasassun tukwanen da ake kifawa don alama shanu sun watsar da su, ciyawa ta rufe ko'ina. Na tsaya a gindin aduwar ina jiran in ji wani abu, ko in tuna fuskar uban a wurin. Ban ji komai ba. Na lura dai takalmina ya jiƙe.

Na tambayi mai haƙan kabari, ya ce yaran da ya haƙa wa rami a daminar nan ba zai iya rarrabe su ba, Allah ya jiƙansu duka. Liman ya ce shi salla ya yi, bai bi su ba saboda ciwon ƙafa, ya kuma tuna mini cewa ruwa ba ya cutar da wanda ya riga mu. Na ce na sani, ita ma ta sani. Da na samu mijin a waya, sai ya ce ranar bai ga komai ba, riƙe shi aka yi har gida. Iyayen ɗaya yaron kuwa makiyaya ne, sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

Na koma zauren na faɗa mata: yara biyu ne, ɗaya a tudu, ɗaya a gangare, na bincika ban gano wanne ne nata ba. Maganar ƙwarya ban yi ta ba. Ban sani ba ko ɓoyewa ce wannan.

Ta ce, “To. Allah ya saka da alheri.” Sai na ji ta tashi, can kuma na ji ƙarar taɓarya.

Muka dawo Gwandu ni da Inna. Ta ci gaba da zuwa wurin matar, kuma duk sanda na tambaya sai ta ce tana nan yadda take.

Mun fi mutum goma a wurin binnewar, wasu daga garin, wasu matafiya ne da suka tsaya don lada. Idan wannan rubutu ya kai ga ɗaya daga cikinsu, ya kuma gane ranar, ina roƙonsa ya aiko mini da abin da ya tuna, ko da ya saɓa wa nawa. Inda na yi kuskure a gyara mini. Idan ma gangaren ne, a faɗa mini, ni zan san yadda zan kai mata.