Hannun da ruwan azurfa ya ɓata

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato ne aka tura ni Argungu koyar da kemistiri a wata sakandare. Ina saurayi, kaina na hayaƙi, gani nake duk garin babu mai ilimina.

Wata Alhamis na koya wa ’yan ajin ƙarshe yadda ake tace lissafin haɗuwar sinadarai. Idan ka zuba ruwan silba naitiret, wanda muke kira ruwan azurfa, cikin ruwan gishiri, wani farin gari zai kwanta a ƙasan kwalba. Azurfa da kuloraid ne suka haɗu suka yi shi. Sodiyam da naitiret kuwa yadda suka shiga haka suke fita, shi ya sa ake ce musu ’yan kallo. Sai ka soke su hagu da dama, ya rage Ag⁺ + Cl⁻ → AgCl. Don burga, ban nemi sandar gilashi ba. Da yatsuna na dama haɗin, ruwan ya zubo mini har tafin hannu, na share a jikin wando na fita rana abina.

Kafin la’asar yatsuna da tafin hannuna sun yi baƙi ƙirin, kamar na macen da ta kwana da ƙunshi. Na goga sabulu, na goga toka, har da dutsen wanke kaushi. Ko gezau.

Ga shi ranar Asabar kawuna zai taso daga Gulma ya raka ni Birnin Kebbi neman aure. Yarinyar ’yar wani malami ce a unguwar Nassarawa, kuma ina sonta sosai. Kunya ta hana ni nuna wa kawu, na cusa hannu cikin babbar riga har muka isa.

A zaure na durƙusa daga nesa na gaida malam, na ji daɗi da bai miƙo hannu ba. Kawu ya ajiye goro, magana ta fara daɗi. Sai aka kira azahar, aka kawo butoci. Dole na naɗe riga.

Malam ya daɗe yana duban hannuna, sannan ya ce, “Yaro, mi as sami hannunka?”

Maimakon in ce magani ne ya zube mini in yi shiru, sai malantata ta motsa. Na kama zana lissafin a ƙasa da wannan baƙin yatsa, ina soke ’yan kallo, ina bayanin abin da rana ke yi wa azurfa. Dattawa suna tsaye da butoci suna jirana.

Da na gama, malam ya juya wajen kawu. “Mu nan, sai an ba mutum ɗiya kana a sa mai lalle. Naku shi ya riga ya ƙunsa tun ba mu ce komi ba.”

Kawu ya shiga rantsuwa cewa shi ma yanzu ya gani.

Bayan salla aka miƙo masa goron a ɗaure yadda muka kawo shi. A mota ya ɗora shi a cinya, ya juya fuska wajen fadama har Argungu.